Faddan uku da rabi

Baba ya rasu a damunar 2011, kwanaki kaɗan bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai cin gashin kanta. Masu zuwa gaisuwa in sun shafa fatiha sai hira ta koma kan rabuwar Sudan, ana ta jimami. Abin da mamacin ya bari kuwa, ba wanda ya ɗaga zancensa. Ya bar Inna, ya bar mu bakwai, maza uku mata huɗu. Ya bar gida a nan Gadarif, gabashin Sudan, mai murabba'in mita 400, da gona faddan 40 a kudu da gari (faddan shi ne ma'aunin gona a nan).

Ranar sadakar uku Baffa ya ɗan taɓo maganar. Ya ce ya kamata a je mahkama, kotu ke nan, a fitar da i'ilami, wato takardar da alƙali ke rubuta sunayen magada a ciki. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, ai ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba." Kowa ya ji nauyi. Ni ma a ranar na ga kamar Baffa ya yi gaggawa. Aka bar kaza cikin gashinta, ta yi shekara 13 a haka.

Na daɗe ina juya ko in rubuta wannan ko in bari, domin sirrin gida ne. Abin da ya sa na rubuta shi ne, tun da yaƙin nan ya koro mutane gidajen iyayensu, duk inda na zauna cikin mata sai na ji irin labarinmu, sunaye ne kawai suka bambanta. Don haka ba zan kama sunan kowa ba.

Gonar nan kakanmu ne ya sare ta. Daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa da niyyar aikin hajji, ya bi ta Borno, ya ratsa Chadi, ya shigo ta Junaina. Ba ya cikin jama'ar da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, shi daga baya ya zo, lokacin da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga a Jazira, ana neman hannu ido rufe. Ya yi tsintar auduga ya tara guzuri, ya sauke farali, a hanyar dawowa ya yada zango a Gadarif, zangon da bai tashi ba ke nan. Da gatari ya tumɓuke ƙayar da ke wurin. Da ya rasu, Baba da Baffa ba su kai sadakar arba'in ba sai da suka kira shehun ƙauye da dattawa, aka ja igiya, kowa ya san iyakarsa, aka fitar wa gwaggonninmu nasu. Har Baba ya koma ga Allah ban taɓa jin shi da Baffa sun ɗaga wa juna murya ba. Abin da Baffa ya so ya yi mana ke nan ranar sadakar uku, muka ga kamar rashin kara ne.

Akwai abin da ya kamata wanda ba ɗan Sudan ba ya sani. Gidan yana da takarda da sunan Baba, in ka je ofishin rajista za a ba ka shahadar bahasi, wato takardar shaidar mai gidan. Gonar ba ta da komai. Irin wadda ake ce wa hiyaza ce, shaidarta maƙwabta da shehu da kuma cewa kai ake gani a cikinta kowace damuna. Tun dokar 1970 ta zamanin Numairi, duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, kuma dokar mu'amala ta 1984 ba ta kawar da wannan tushen ba, abin da manomi ke da shi haƙƙin amfani ne. Wannan zai dawo a gaba, domin a kansa Yaya ya kafa hujjarsa mafi ƙarfi.

Ba zan zalunci Yaya ba. Shi ya bar makaranta don mu mu yi. Wanda bai taɓa noma a laka irin ta Gadarif ba bai san abin da nake faɗa ba: da rani ta tsage har ƙafar yaro ta shige, da damuna ta kama takalmi ta cire maka shi. Riɗi kuma ba ya jira. In ya nuna aka yi jinkirin yanka na 'yan kwanaki, kwanson ya fashe, wahalar shekara ta zube a ƙasa. Shi ne ke neman kuɗin tarakta, shi ne ke neman 'yan ƙwadago, a shekarar da ruwa ya yi gardama shi ne ke cin bashin shel wurin 'yan kasuwa, a karɓi kuɗi da damuna a biya da amfanin gona a farashin da mai kuɗi ya yanka. Maganin sukarin Inna a wuyansa yake. Ƙannena mata biyu shi ya yi musu kayan ɗaki.

Kowace kaka kuma yana aiko wa kowacce cikinmu buhun dawa da jarkar man riɗi. Ina Madani ina koyarwa, in motar ta sauke sai in kira shi in yi ta godiya, in ce Allah ya bar zumunci, Allah ya ƙara buɗi. A nan ɓarnar ta fara, kuma da hannunmu a ciki. Shekara da shekaru muna karɓar haƙƙinmu da sunan alheri, muna godiya irin ta wanda aka yi wa kyauta. Mutumin da aka yi wa godiya sau goma sha uku a kan abu ɗaya, dole ya fara ganin abin nasa ne. Ban yarda Yaya ya taɓa zama ya ƙulla cin gadon kowa ba. A hankali "gonar Baba" ta koma "gona", daga nan ta koma "gonata", ba kuma wanda ya gyara masa, har da ni.

Wana na biyu yana Jidda. Riyal ɗin da yake aikowa da su aka rushe guttiya biyu, ɗakunan nan masu zagaye da jinkar ciyawa da aka san Gadarif da su, aka gina ɗaki biyu na jan bulo da rufin kwano. Ba a rubuta komai ba. A 2019 yayarmu mace ta rasu wajen haihuwa, ta bar miji da 'ya'ya uku. Nan ma ba a ce komai ba.

Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Autanmu ya fara dawowa daga Umdurman da matarsa da jaririya. Mu muka zauna a Madani muna ganin mun tsira, har gidanmu ya cika da 'yan Khartum, sai ga shi a Disamba mu ma mun fito da abin da hannu ya iya ɗauka. Muka bi ta Sinnar, muka iso Gadarif da ƙura har cikin kunne, ni da yara huɗu. Maigidana ya wuce Bur Sudan neman abin yi. Albashi ya tsaya. Makarantun gari duk sun zama masaukin 'yan gudun hijira, don haka na gode wa Allah da nake da gidan uba.

Mu 26 muka zama a cikin mita 400. Ɗakunan bulo, ɗaya Yaya da iyalinsa, ɗaya Inna da jikoki. Auta ya samu guttiya. Ni aka ba ni rakuba, rumfar kara da ke jikin katanga, aka zagaye ta da buhuna, aka sa angarib biyu, gadon igiya ke nan. Sanyin Janairu yana shigowa ta ko'ina. Ban yi ƙorafi ba, lokaci ne na haƙuri. Abin da ya fara sukata shi ne mabuɗin ɗakin ajiya. Matar Yaya ta ɗaure shi da zare a wuyanta, in ana son dawar kisira, gurasar nan mai laushi ta Sudan, sai an jira ta auna. Ba na ganin laifinta sosai, mace ce da ta saba ciyar da mutum tara aka wayi gari tana ciyar da 26, ga ruwa ma sai an saya wurin mai amalanken jaki, ganga-ganga. Amma wata safiya 'yata ta biyu, mai shekara bakwai, ta zo ta tsuguna kusa da ni ina wanke-wanke ta ce, "Umma, yaushe za mu tafi? An ce nan gidan su Kawu ne, mu baƙi ne." Na riƙe kwanon a hannu na kasa ajiyewa. A tsakar gidan nan aka binne cibiyata.

Duk da haka ba ni na tayar da maganar ba. Mijin marigayiya ne. Shi ma yaƙi ya koro shi, yana kwana da yaran uku a ajin wata makaranta, an raba ajin da zannuwa tsakanin iyalai. Ya zo da la'asar, ya gaisa cikin ladabi, ya ce ba don kansa ya zo ba, in akwai abin da ya faɗo wa mahaifiyar yaran nan daga mahaifinta, a taimaka a fitar musu ko ɗaki ya kama. Yaya ya miƙe tsaye. "Yanzu har bare ne zai zo ya raba mana gidan uba? Ina kuke lokacin da nake bin 'yan kasuwa ina roƙo?" Bawan Allah ya sa takalmansa ya fita, bai ƙara kalma ba.

Da daddare na same shi a ƙofar gida yana zaune shi kaɗai. Na durƙusa na ce, "Yaya, mutumin nan bai faɗi abin da ba daidai ba. Marayu ne." Ya ce, "Ke ma?" Na ce, "Ni ma, Yaya. Ina so in san abin da yake nawa, ko da zan bar maka shi." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Na ɗauka ke ce mai hankalin cikinsu." Daga wannan daren ya daina yi mini magana, in ban da amsa sallama.

Haka muka shiga azumi. Wanda ya san Sudan ya san yadda maza ke fito da tabarmi bakin titi a sha ruwa tare, a tare ma matafiyi a ce sai ya sauka. A wannan shekarar tire biyu ke fita daga gidanmu. Yaya ya zauna a tabarmar maƙwabtan gabas, Auta ya zauna a ta yamma, kowa da tulun hilu-murrunsa, abin shan da ake buɗa baki da shi. Unguwa duk ta gani. Inna kuwa ba ta ce uffan ba. Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa, kuma ba za ta goyi bayansa a gaban mutane ba. Sai dai in na kai mata shayi da sahur in tarar idonta biyu, tana jan carbi, hawaye na bin gefen fuskarta. Sau ɗaya ta ce mini, "Ku bari in mutu tukuna." Na ce, "Inna, haka aka ce lokacin Baba." Na yi nadamar zafin da maganar ta fito da shi, amma ban janye ta ba.

Bayan sallah Baffa ya haɗa judiyya. Haka ake kiran zaman sulhu a nan, dattawan da ke zama kuma ajawid. Aka zauna a zauren limamin unguwa, mu mata muna daga bayan labule, wanmu na Jidda yana kan waya. Liman ya karanta ayoyin gado na Suratun Nisa'i, sannan ya ɗauki takarda. Ya ce dukiyar za ta kasu 80. Inna tana da tumuni, kashi 10. Kowane namiji 14, kowace mace 7. A gona ke nan Inna faddan 5, maza bakwai-bakwai, mata uku da rabi kowacce. A gida kuwa rabona mita 35, abin da bai fi guttiya ɗaya da wurin ajiye murhu ba. Lissafin da muka yi shekara 13 muna gudu bai ɗauki liman minti goma ba.

Sai ya juyo kan rabon marigayiya. Ya ce tunda ta rasu bayan mahaifinta, rabonta ya tabbata, yanzu kuma ya zama gado na biyu a cikin na farko, abin da malamai ke kira munasaha. Mijinta yana da rubu'i, Inna tana da sudusi, saura na 'ya'yanta. Wato mutumin da aka kira bare a tsakar gida, shari'a ta ba shi kaso a cikin gonar. Liman ya ce, "Duk shekarar da kuka ƙara, mutuwa za ta ƙara shigo muku da wasu. Na ga gadon da magadansa suka fara su shida, aka zo rabo sun haura hamsin, wasu ba su ma san juna ba."

Yaya ya kawo hujja biyu. Ta farko, ya ce faddan 10 na bakin kwari Baba ya ba shi kyauta tun yana da rai. Aka tambayi shaida, babu. Liman ya ce a wurin malamanmu na Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali, kuma kowa ya san har shekarar ƙarshe amfanin wurin rumbun Baba yake shiga. Ya kuma tuna masa hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya ba shi kyauta shi kaɗai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida, ya yi umarni da a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Ni a raina na yarda Baba zai iya faɗa masa hakan, wata rana suna dawowa daga gona a gajiye. Uba yakan faɗi irin wannan. Amma magana a kan hanya ba ta cire haƙƙin marayu.

Hujja ta biyu ita ce ta sa zauren ya yi tsit. Ya ce, "Kun manta 2022? Kun manta abin da aka yi wa 'yan'uwanmu a Rusairis da Damazin?" Ba wanda ya manta. A watan Yuli na shekarar an kashe fiye da mutum 100 a jihar Bulu Nayil, dubbai suka bar gidajensu, kuma tushen rigimar shi ne cewa Bahaushe baƙo ne, ba shi da ƙasa, ko da kakansa a nan aka binne shi. Yaya ya ce gonar da ba ta da takarda, abin da ke tsare ta shi ne a gan ta a dunƙule, ana noma ta kowace shekara. In aka yanka ta gunduwa-gunduwa, wannan ya sayar don ya biya haya, wancan ya bar tasa ta yi ciyawa yana Jidda, shekara biyar ba za a samu ko taki ɗaya da sunan gidanmu ba. Muryarsa tana rawa ya ce, "Ni gadi nake yi muku, ba ci nake yi ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ina ganin gaskiyarsa. Inda na rabu da shi shi ne, mai gadi ya san kayan wa yake gadi, mai kayan ma ya sani. Tsoron a ƙwace mana daga waje bai halatta 'ya'yan 'yar'uwarmu su kwana a aji ba alhali suna da haƙƙi a hannunmu. Hadisin da ya ce wanda ya zalunci wani taƙi ɗaya na ƙasa za a rataya masa ita har ƙasa bakwai ranar ƙiyama, bai ware ɗan'uwa ba. Don ina son Yaya ne ma nake tsoron ya je da wannan a wuyansa.

A nan wata ƙanwata ta ɗaga murya daga bayan labule ta ce ita ta yafe nata. Na san dalili, tun azumi ake aiko mata da mata suna cewa 'yar halak ba ta raba gado da wanta, wai ranar da aure ya ƙi, gidan wa za ta koma? Liman ya ce a'a. Ya ce ta fara karɓa, ta ga iyakarta da idonta, ta kwana da shi, in ta ga dama bayan nan ta bayar. Ya ce malamai sun faɗa, abin da aka karɓa da kaifin kunya ba halal ba ne. Da ana yi wa mata haka a kowane gida, da yawancin yafewar da ake yabo ba a yi ta ba.

Zama uku aka yi. Abin da aka tsaya a kai: kyautar faddan 10 ba ta tabbata ba. Bashin da Yaya ya biya wa Baba za a mayar masa daga dukiyar kafin rabo. Amfanin shekara 13 da ya wuce mun yafe masa gaba ɗaya, ni ce ma na fara faɗa, kuma da zuciya ɗaya na faɗa, domin a lokacin na san abin da nake yafewa. Za a auna gona a kafa iyaka, amma wanda ba zai noma tasa ba ya ba Yaya ya noma bisa kason da aka rubuta, kuma ba mai sayar wa na waje sai ya fara tallata wa 'yan'uwa. Ɗakunan bulo za a yi musu kuɗi a lissafa wa na Jidda. Gidan kansa ba ya rabuwa ta yadda kowa zai amfana, sai dai wasu su sayi rabon wasu, kuma a halin da ake ciki ba mai kuɗin. Aka rubuta rabon kowa, aka sa hannu, aka je mahkama aka fitar da i'ilamin da Baffa ya nema tun 2011. Maganar gidan tana nan har yanzu, Inna tana ɗakinta. 'Ya'yan marigayiya dai an gina musu guttiya a kusurwar da ta faɗo wa mahaifiyarsu.

Ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka muka je awo. Rana tana dukan ƙeya, ƙasa ta tsattsage. Shehun ƙauye ya zo, maƙwabtan gona suka zo, Baffa yana dogara sanda. Yaya ne ya riƙe bakin igiya, Auta ya riƙe ɗaya bakin, ba mai kallon wani. Duk inda aka tsaya sai yara su kafa turke su tara duwatsu. Da aka zo kaina aka ce daga wannan turken zuwa waccan bishiyar, na tsaya ina kallo. Faddan uku da rabi ba wani yawa gare shi ba, daga tsakiya kana jin maganar wanda ke gefe. Na duƙa na ɗebi ɓarɓashin laka a hannu, ya yi zafi kamar an sauke daga wuta.

Mutane suka wuce gaba. Yaya ya naɗe igiyar a hannunsa, ya yi kamar zai bi su, sai ya dawo. Bai dube ni ba. Ya taka zuwa kusurwar yamma inda ƙasar ta ɗan yi kwari, ya buga ƙafa sau biyu ya ce, "Nan ruwa yana kwanciya. Kada ki sa riɗi, ruɓewa zai yi. Dawa za ki sa." Wata huɗu ke nan rabon da ya yi mini magana. Na ce, "To, Yaya." Ya juya ya bi sauran.

Dawa na sa a wurin.